YADDA A KE SAKE BORIS NA ƘAFAR BAYA TA MOTA A GIDA

Wanda ya zauna a Kusa, bakin iyakar Jibiya, ran Lahadi da hantsi, ranar da kasuwar Jibiya ke ci, ya sha kallon motoci. Waɗansu sun fito Katsina za su Maraɗi, waɗansu sun biyo ta Ɗan Isa za su shigo Nijeriya. In ka dube su da kyau, sai ka ga yawancinsu baya ya zauna, gaba ya ɗaga, don an cika su da buhuna, an kuma ɗora mutane. Nauyin nan duka a kan ƙafafun baya ya ke. A cikin kowace ƙafa kuwa akwai wani ɗan ƙarfe, wanda ka ke iya rufewa a tafin hannunka, shi ke ɗauke da kayan nan. Sunansa boris. In ya lalace ba a kula ba, ƙafa ta kan cije, ko ta fita ɗungum mota na cikin gudu. Ga shi kuwa mai mota ya iya sake shi a ƙofar gidansa, in ya san hanya, ya kuma yi haƙuri.

MENE NE BORIS?

In ka so ka ja babban gungume a ƙasa, sai ka sha wuya. Amma in ka jera taɓare ƙarƙashinsa, sai ya mirgina a kansu, yaro ma ya tura shi. To, hikimar boris ke nan. Zobe biyu ne na ƙarfe mai tauri, ƙarami a cikin babba, a tsakaninsu an jera 'yan ƙarafa masu santsi suna mirginawa cikin giris. Na waɗansu motoci dunƙule su ke kamar ƙwallon kurna. Na waɗansu 'yan dogaye ne, gefe guda ya fi kauri. Wani maƙerin kekunan doki a Amurka, Henry Timken, shi ya sami takardar mallakar wannan iri na biyu a 1898, don ya ga yadda ƙafafun kekuna ke ci in an sha kwana da kaya.

Ƙaramin zoben yana zaune a kan wani guntun ƙarfe da ya fito daga jikin mota, watau aksul. Babban zoben yana cikin cibiyar ƙafa, wadda kanikawa ke kira hob. Tayar ƙaramar mota ta kan juya sau 500 da 'yan kai a kowace kilomita. Daga Katsina zuwa Maraɗi, tafiyar da ba ta cika kilomita 100 ba, boris ya juya wajen sau 50,000. Ka ga kuwa dole wata rana ya gaji.

Abu uku ke kashe shi tun kwanansa bai ƙare ba. Na fari, kaya fiye da kima, da faɗawa ramuka da su. Na biyu, rairayi da ruwa. Ƙasarmu ta Jibiya mai yashi ce, da damina kuma motoci na ratsa ƙoramu. In yashi ya sami hanya ya gauraya da giris, sai ya riƙa cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Na uku, mugun ɗauri, ko a matse ƙwarai, ko a bar shi sako-sako.

YADDA A KE GANE YA LALACE

Boris ba ya mutuwa bai yi sallama ba. Da fari za ka ji wani gurnani daga baya, kamar kukan jirgin sama daga nesa. In ka ƙara gudu ya ƙaru, in ka rage ya ragu. In ka sha kwana sai muryarsa ta sāke. Amma ka sani taya mai cin gefe ita ma ta kan yi irin wannan kuka, saboda haka sai ka jarraba.

Ka ɗaga ƙafar da jak, ka saki hambirki, ka juya ta da hannu, ka kasa kunne. Mai lafiya shiru ta ke juyawa. In ka ji kamar ana niƙa tsakuwa, boris ne. Sa'an nan ka kama taya da hannu ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ka girgiza. In tana kai da kawowa sosai, akwai magana. Haka kuma in ka dawo daga tafiya, ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar ƙafafun baya. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi ƙwarai, ko boris ne, ko birki ne ke kamawa.

Kada ka ce bari sai bayan kasuwa mai zuwa. Lalacewar mota a daji da dare, da mata da yara a ciki, ba abin da mai hankali zai jawo wa kansa ba ne. Rigakafi ya fi magani.

KA FARA SANIN IRIN MOTARKA

Ba duk motoci ne ɗaya ba. Iri na fari shi ne na Golf 2 da Golf 3 masu gangar birki a baya, waɗanda su ka yi yawa a hanyoyinmu. Kowace ƙafa tana da boris biyu, na ciki babba, na waje ƙarami, suna zaune cikin gangar birkin. Wannan shi za mu fi bayani a kai.

Iri na biyu shi ne na motocin da su ka biyo baya, kamar Golf 4, da Toyota Corolla ta wajen 2003 zuwa gaba. A nan hob da boris a haɗe su ke, a rufe tun daga ma'aikata, ba a buɗe su. Sai dai a cire dukan abin, a sa sabo.

Iri na uku shi ne na motocin da ƙafafun baya ke turawa, kamar Peugeot 504, wadda a ka yi ta haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Boris ɗinsu a matse ya ke ƙwarai, sai da injin matsi a ke fitar da shi. Wannan ba aikin gida ba ne, ka kai gareji. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

KAYAN AIKI

Ka tanadi jak, da sifanar taya, da sauran sifanu, da filaya, da sukudireba, da guduma, da wani ɗan sandan ƙarfe na bugu. Ka sami katako mai faɗi, da guntun gungume mai ƙwari, da weji biyu. Ka sami kananzir, da tsummoki masu tsabta, da tire ko faranti na zuba ƙananan kaya, da giris irin na boris, mai jure zafi.

Wajen sayen boris, ka tafi da tsohon, ko ka rubuta lambar da ke jikin zobensa, ka gwada da ta sabon. Ga amfanin karatu nan. Ka sayi cikakken saiti: boris biyu da zobensu, da robar da ke tare giris, wadda a ke kira sil, da sabuwar 'yar ƙusa mai ƙafa biyu. Akwai na jabu a kasuwa cikin kwalaye masu kyau. In kuɗin ya yi sauƙi fiye da kima, ka tuna araha ba ta ado.

WARWAREWA

Ka tsai da mota a wuri mai tauri, wanda ba gangara, inda iska ba ta kwaso ƙura. Ka sa giya ɗaya, ka sa weji gaba da bayan ƙafar gaba. Ka sassauta ƙusoshin taya tun tana ƙasa. Ka shimfiɗa katako, ka ɗora jak a kai, don kada ya nutse cikin yashi. In mota ta ɗagu, ka tura gungumen ƙarƙashin ƙarfenta mai ƙarfi, ka sauko da ita kaɗan ta zauna a kansa. Kada ka dogara ga jak kaɗai, kada kuma ka tokare da bulo, don bulo ya kan fashe ba zato. Ka kori yara daga wurin. Sa'an nan ka saki hambirki, ka cire taya.

A tsakiyar ganga za ka ga wata 'yar hular ƙarfe. Ka ɓamɓare ta a hankali. Ka miƙar da ƙafafun 'yar ƙusar nan da filaya, ka zare ta. Ka cire marfin noti mai haƙora, ka kwance noti, ka fitar da washa, da boris na waje. Ka jera su a tire bi da bi, yadda su ka fito. Yanzu ka jawo ganga. In ta ƙi, takalman birki ne su ka riƙe ta. Ka sa sukudireba ta ramin ƙusar taya, ka tura ɗan wejin da ke ciki sama, sai su saki. Ƙurar birki kuwa kada ka hura ta da baki, tana cutar huhu. Ka share da jiƙaƙƙen tsumma.

Ka kifa ganga a kan katako, ka ɓamɓare tsohon sil, ka ɗauke boris na ciki. Saura zobba biyu da ke manne cikin ramin. Ka sa sandan ƙarfe a bayan zobe, ka buga nan, ka buga can ɗaya gefen, kaɗan kaɗan, har ya faɗo. Ka wanke ramin da kananzir, ka goge ya bushe. Ka goge aksul, ka dube shi a haske. In ya yi shuɗi don zafi, ko ya yi zane mai kama farce, shi ma sai an sake shi. Ƙusoshi huɗu ke riƙe da shi.

MAYARWA

Ka wanke hannunka tukuna. Daga nan har ka gama, ƙwayar yashi guda abokiyar gabarka ce. Kada ka buɗe takardar sabon boris sai za ka sa shi, kada kuma ka ajiye shi a ƙasa.

Ka ɗora sabon zobe a bakin ramin, gefen da ya fi faɗin baki yana duban waje, ya zauna daidai ba karkata. Ka ɗora tsohon zobe a kansa, ka riƙa bugun tsohon a kewaye a hankali. In ya kai gindi za ka ji ƙarar guduma ta sāke. Haka za ka yi wa na biyun. Waɗansu su kan yi ƙyuya, su sa sabon boris a tsohon zobe. Wannan asarar kuɗi ce, don tsohon zai cinye sabon.

Ka ɗebi giris a tafin hannu, ka riƙa danna gefen boris a ciki, kana juyawa, har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen. Shafawa a bisa ba ta isa ba. Ka sa na ciki, ka buga sabon sil ya yi daidai da bakin ramin. Ka mai da ganga a kan aksul, ka sa na waje, da washa, da noti. Ka lura kada giris ya taɓa takalman birki ko cikin ganga inda su ke kamawa, don birki mai maiƙo ba ya tsai da mota.

ƊAURIN NOTI

A nan ne gwaninta ta ke. Ka ɗaura noti kana juya ganga da ɗaya hannun, har ka ji ta fara nauyi, don boris ya zauna. Sa'an nan ka sassauta, ka sāke matsewa kaɗan kaɗan. Ga awon: ka sa bakin sukudireba a gefen washa, ka tura da ƙarfin yatsa kaɗai, ba da banƙara ba. In ta motsa da ƙyar, ɗauri ya yi. In ta ƙi motsi, ya yi yawa, boris zai yi zafi ya ƙone. In tana yawo, ya yi kaɗan, ƙafa za ta riƙa rawa. Kamar ɗaurin majanyi ne: a matse jariri ya wahala, a sassauta ya zame.

Ka mai da marfi mai haƙora, ka sa sabuwar ƙusa, ka lanƙwasa ƙafafunta. Tsohuwar ta riga ta gaji, ita ce kuwa ke hana noti kwancewa. Ka sa ɗan giris cikin hula, ka buga ta. In hular ta lotse ba ta kamawa, ka sayi wata.

Ka mai da taya, ka sauke mota, ka ɗaura ƙusoshi, wannan sa'an nan na daura da shi. Ka taka birki sosai sau da yawa tun mota na tsaye, don takalman su koma wurinsu.

IRI NA BIYU

Wannan ya fi sauƙi. A Corolla, in ka cire ganga ko faifan birki, ƙusoshi huɗu ke riƙe da hob. In akwai wayar lantarki ta birki a bayansa, ka zare ta a hankali tukuna. Ka kankare tsatsar mazaunin, ka sa sabo, ba ruwanka da giris, kada kuma ka buge shi da guduma. A Golf 4 babban noti ne a tsakiya, sabo a ke sawa kowane karo. Ka kiyaye, ɗaurinsa ba irin na Golf 3 ba ne. Shi matse shi a ke yi ƙwarai, da sifana mai awo, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. In ba ka da ita, ka ara wajen bakanike, ka tambaye shi awon. Mai tambaya ba ya ɓata.

JARRABAWA

Kada ka ɗauki fasinja nan da nan. Ka fita kai kaɗai, ka yi 'yar tafiya sannu, ka gwada birki, ka saurara. In ka dawo ka ji tsakiyar ƙafar. Ɗumi ba laifi ba ne, zafi mai ƙuna laifi ne, sai ka sāke duba ɗaurin. Bayan kwana biyu ka ɗaga ƙafar, ka girgiza ta, ka kuma bi ƙusoshin taya. In ka sake gefe guda, ka duba ɗayan, don tare su ka sha wahala.

Aikin nan bai fi na hantsi zuwa azahar ba ga wanda ya natsu. In ka gama, sai ka riƙa rage kaya, ka riƙa sauraron motarka. Mutanen da su ka shiga bayanka daga Kusa zuwa Katsina ba su san boris ba, kai su ka sani, amanarsu kuwa tana wuyanka. Allah ya tsare mu a hanya, ya sauke kowa gidansa lafiya. Amin.