Daɓen karo: a wanke shi da hankali, kada gaggawa ta ci jari

Duk wanda ya zaga kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko unguwannin Yamai, ya ga yadda daɓen karo, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira tayil, yake ta maye gurbin daɓen siminti a shaguna da ɗakunan mata. Mai kanti na son kayansa su fito, mai sayar da abinci na son wurin da za ta goge da tsumma ɗaya ya yi fes. To amma mun sha ganin wanda ya zuba jikkuna masu yawa, magini na tafiya sai karon ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. A wanke, ya bushe, farin ya dawo. Daga nan sai a ruga a sayo asid, a nan kuwa ɓarna take farawa.

Wannan fari ba datti ba ne, ragowar simintin da aka cike tsakanin karo da karo ne ya bushe a kan fuskarsa. Lokacin cire shi mafi sauƙi shi ne ranar aikin, minti 15 zuwa 30 bayan an cike layukan, da soso mai laushi wanda aka matse sosai, ana canja ruwan bokiti a kai a kai. A riƙa jan soson a karkace, domin idan aka bi layin a miƙe, ana kwashe simintin da ke ciki. A zafinmu na watan Afrilu da Mayu siminti ba ya jiran kowa, don haka magini na ƙwarai yakan cike ɗan wuri ya goge, sannan ya ci gaba. Washegari a bi da busasshen tsumma mai tsabta.

Shi ya sa muke ba ƴan kasuwa shawara, tun wajen ciniki a gaya wa magini cewa gogewa na cikin aikinsa, kuma kada a cika masa kuɗi sai an ga daɓen da rana, bayan ya bushe.

Sai maganar haƙuri. Mun san kowace rana da shago ya kwana a rufe asara ce, amma sauri ya kan haifi nawa. Kada a taka sabon daɓe kafin awa 24, kwana 2 ya fi. Buhunan shinkafa da firji da manyan kantoci su jira kamar mako ɗaya, kuma a ɗauke su ɗauka, kada a ja su. Siminti na ɗaukar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuma layukan nan suna shan ruwa kamar sabuwar randa. Idan manja ko man gyaɗa ko zobo ya zube a kansu a kwanakin farko, tabon na iya zama har abada. Mata masu tuya, a shimfiɗa kwali ko tabarma a gindin murhu.

Idan farin ya ƙi fita, a jira layukan su yi kwana 10, sannan a share rairayi tas, domin rairayi a ƙarƙashin tsumma shi ke karce ƙyallin karo. A jiƙa layukan da ruwa zalla, a haɗa farin binegar kofi 1 da ruwa kofi 4, a gwada a lungun da ido ba ya kaiwa. In ya yi, a bi daɓen kaɗan-kaɗan, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Ban da soson ƙarfe. Mai daɓen dutsen marmara kuwa ya nisanci binegar da duk wani abu mai tsami, don yana cin dutsen kansa.

Game da asid mai ƙarfi da ake sayarwa a shagunan kayan gini, gaskiya ne yana narkar da siminti, amma bai san bambancin wanda ke kan karo da wanda ke tsakaninsa ba. Yana rarake layukan, ruwa ya riƙa shiga ƙarƙashi, tururinsa kuma ya sa ƙofar ƙarfe da sikeli su yi tsatsa. Idan ya zama dole, a bar wa magini, da safar hannu ta roba, ƙofa da taga a buɗe, yara a nesa. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Ruwan batir kuwa ba na wanke daɓe ba ne sam.

Babban kashedi: kada a kuskura a haɗa asid ko binegar da ruwan jabel. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, a rufaffen shago tana iya kisa. Wanda ya shaƙa a fitar da shi fili nan take, a kai shi gidan likita.

Bayan wannan, ruwa da ɗan sabulu kaɗan sun isa kullum. A kuma ajiye karo biyar ko shida daga kwalin da aka yi aikin, domin ranar da ɗaya ya fashe ba lalle a sami irinsa a kasuwa ba. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.