Ƙurajen da ba sa yaɗuwa, amma suna raba mutum da jama'a

Kwanan baya, cikin shirinmu na kiwon lafiya a gidan rediyo, wata baiwar Allah ta bugo mana waya. Ta ce ƙulle-ƙulle sun cika mata fuska da wuya tun tana budurwa, yau shekara da shekaru rabonta da gidan biki, ko kasuwa sai ta aiki yaro. Abin da ya fi ci mata rai, in ji ta, maƙwabta sun ware mata kwanon shan ruwa.

Wannan ciwo likitoci na kiran sa nerofiburomatoz, ko ciwon Recklinghausen, sunan wani likita Bajamushe da ya yi bayanin sa a 1882. Nau'in da ya fi yawa yana samun kimanin mutum 1 cikin 3.000. Ƙidayar 2012 ta nuna mu miliyan 17 ne a Nijar, ke nan ko da lissafin wancan lokaci masu shi sun haura 5.000.

Ba kuturta ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma alhakin wani ba ne. Canji ne a ƙwayar halitta, da shi ake haihuwar mutum. Rabin masu shi sun gada daga uwa ko uba, rabi kuwa a kansu ya fara. Ba a ɗaukar sa ta hanyar gaisawa, ko cin abinci kwano ɗaya, ko zaman aure. Alamar farko tabo ne masu launin kafe da madara a jikin yaro, 6 ko fiye. Ƙulle-ƙullen kan fito ne wajen balaga, su ƙaru lokacin goyon ciki.

To, nan ne tashin hankali yake. Daidai lokacin da saurayi ke neman aure, budurwa ke son ado, sai jiki ya fara canzawa, babu wanda zai iya faɗa musu inda abin zai tsaya. Ga ƙaiƙayi, ga ciwo, ga kallon mutane. Ga kuma fargabar haihuwa, don kowane ciki akwai yiwuwar 50 cikin 100 ɗan ya gada. Binciken likitoci ya nuna ciwon damuwa da yawan fargaba sun fi samun manya masu wannan larura a kan sauran jama'a. Kusan rabinsu kuma sun sha wahalar karatu tun suna lakkwal, ana ce musu dolaye alhali ciwon ne sanadi.

Ɓuya a ɗaka tana da nata haɗari. Mai ciwon yana bukatar awon hawan jini duk shekara. In ƙulli ya yi saurin girma, ya yi tauri, ko ciwonsa ya hana barci, a garzaya likita, don kimanin 1 cikin 10 yana iya gamuwa da kansar jijiya. Wanda kunya ta kulle a gida, yaushe za a gano wannan da wuri?

A watan Nuwamba na 2013, a birnin Rum, Paparoma Francis ya rungumi wani ɗan Italiya mai suna Vinicio Riva, wanda ƙulle-ƙulle suka rufe masa jiki. Daga baya mutumin ya shaida wa ƴan jarida cewa abin da ya girgiza shi, Paparoman bai tsaya tambaya ko ciwon yana yaɗuwa ba.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da shi gaba ɗaya, sai dai ana cire wasu ƙulle-ƙullen ta hanyar tiyata. Damuwa kuwa tana da magani: ganin likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne. Saura kuma yana hannunmu. Mu gaisa da su hannu da hannu, mu ci tare, mu kira su biki da suna, mu tsawata wa yara masu tsokana.

Ita kuwa baiwar Allah da ta kira mu, roƙonta guda ne: a faɗa wa maƙwabtanta a rediyo cewa ba a ɗauka. Mun faɗa, ga shi kuma mun rubuta. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.