Kafin ka raɗa wa kyanwa sunan mawaƙi, ka tuna a tsakar gida za a kira shi

A gidajenmu na zango, tun tasowarmu, kyanwa ba ta da suna. Aikinta kamun ɓera, ladanta kan kifi da guntun tuwo. In ana son ta zo sai a ce "mus-mus", in ta yi ɓarna a bi ta da takalmi. Wasu su ce mage, wasu mussa, wasu kuliya, namijin kuma muzuru, iyakarta ke nan. Ko "kyanwar Lami" da ake faɗa a karin magana, wadda ba ta cizo ba ta yakushi, sunan mai ita aka ambata, ita kanta ba a san nata ba.

Yanzu abin ya sauya. Daga Aboabo da Asawase a Kumasi har Nima da Fadama a Accra, yaran da suka taso da waya a hannu sun ga yadda ake yi da kyanwoyi a TikTok, su ma suna son tasu ta sami suna. Kuma sunan da ya fi saurin zuwa bakinsu shi ne na mawaƙin da suke saurare. A ajin da nake koyarwa na ƙaramar sakandare, in hira ta biyo ta kan dabbobin gida, sai ka ji wannan ya ce tasa Shatta ce, waccan ta ce tata Fancy, wani ya ce nasa muzurun Breaker. Ana dariya a wuce. Amma ni na ga inda wannan wasan ya kusa taɓa zumuncin shekaru, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna.

Ba mu muka fara ba

Haɗa mawaƙa da kyanwoyi tsohon abu ne a ƙasashen Turawa. Freddie Mercury na ƙungiyar Queen ya yi wa kyanwarsa Delilah waƙa sukutum, tana cikin kundin da suka fitar a 1991. Taylor Swift ta Amurka ta ɗauko sunayen biyu daga cikin kyanwoyinta, Meredith Grey da Olivia Benson, daga taurarin wasannin talabijin da take so. Akwai ma mawaƙin Birtaniya da ya yi suna da laƙabin Cat Stevens, wato kyanwa ce a farkon sunan, wanda ya musulunta a 1977 ya koma Yusuf Islam.

A addininmu ma raɗa wa dabba suna ba baƙon abu ba ne. Taguwar Manzon Allah (SAW) sunanta Ƙaswa, alfadararsa kuma Duldul. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, duniya ta fi saninsa da alkunyar Abu Huraira, saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka yana yawo da ita. Labarin da ke yawo a intanet na wata kyanwa mai suna Mu'izza dai ba ya cikin ingantattun littattafan hadisi, amma abin da ya inganta ya wadatar: kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik.

To, ina matsalar? Matsalar ita ce Bature yana kiran kyanwarsa a cikin ɗakinsa, ƙofa a rufe. Mu kuwa a gidan haya muke, ɗaki goma ko fiye, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Duk sunan da ka raɗa, kowa zai ji shi, safe da yamma.

Yadda ta kaya a gidanmu

'Yata ta tsinto wani ɗan muzuru baƙi ƙirin a bayan shagon mai waakye, ta kawo shi gida a kwali. Ita kuwa ba ta da mawaƙi sai Black Sherif. Ban ga laifinta ba. Yaron namu ne, Musulmi, haifaffen Konongo da ke kan hanyar Kumasi zuwa Accra, an haife shi a 2002. Waƙoƙinsa "First Sermon" da "Second Sermon" suka fito da shi a 2021, "Kwaku the Traveller" ta zagaya Afirka a 2022, a 2023 kuma aka ba shi kyautar gwarzon mawaƙin shekara na Ghana, ya kuma ci kyautar BET a Amurka. Yaran zango suna ganin kansu a jikinsa. Saboda haka ta yanke hukunci: muzuru sunansa Sherif.

Da mahaifiyata ta ji, sai ta ajiye carbinta. Ni ɗan fari ne, har yau ban taɓa jin ta kira sunana ba, "Malam" take ce mini. Ta ce, "Malam, kana ji kuwa? Sharifi za a ce wa mage? A gidan nan?"

Yarinyar ta ce, "Kaka, ai ba Sharifi ba ne, Sherif ne, mai waƙa."

Ta ce, "Ke kika san mai waƙa. Ni abin da kunnena ya ji na sani. Ranar da ya saci kifi me za ki ce masa?"

Nan take maganar ta ƙare, don tambayar ba ta da amsa. Ranar da muzuru ya saci kifi, ko ya yi kashi a kan tabarmar wani, abin da za a ji a tsakar gida shi ne sunan nan haɗe da "ɓarawo" ko "ɗan banza". A ɗakin da ke kallon namu kuwa akwai wani dattijo da duk unguwa ke kira da wannan laƙabi, saboda danginsa na danganta kansu da gidan Manzon Allah (SAW). Shekara da shekaru muna cin abincin juna da salla. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ba ta nufin komai sai ƙauna, amma dattijon nan ba zuciyarta zai ji ba, muryarta zai ji.

Da muka zauna, ita da kanta ta tuna cewa masoyan mawaƙin suna kiransa Blacko. Muzuru baƙi, suna Blacko, babu wanda aka taɓa. Kakarta ta gwada faɗa, ya fito mata "Bilako", ta ce wannan kam ko jaki a raɗa wa. Haka sunan ya zauna.

Suna linzami ne

Hausawa suka ce suna linzami. Mu mutane ne da ke kaffa-kaffa da suna fiye da yadda yaranmu na makarantar boko suka lura. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, suruka ba ta faɗin sunan surukinta, in aka mayar wa yaro sunan kakansa sai a koma kiransa Abba ko Baba don kada a riƙa ambaton sunan babba a banza. Al'ummar da ke ɓoye sunan mutum saboda girmamawa, ta yaya za ta ji daɗi a ɗora shi a kan dabba?

Mawaƙanmu na Hausa kuwa yawancinsu da sunayensu na yanka suke waƙa: Umar M. Shareef, Ali Jita, Nura M. Inuwa, Hamisu Breaker. Umar da Ali sunayen halifofi ne, kuma da wuya ka sami gidan haya a zango da babu mai ɗaya daga ciki. Shi kansa Black Sherif sunansa na yanka Mohammed Ismail. Wanda ke son waƙoƙin waɗannan, ga Jita nan, ga Breaker nan, babu mai jin ciwo.

Wanda yake ganin ana zuzuta ƙaramin abu, ya tuna abin da ya faru a Sudan a watan Nuwamban 2007. Wata malamar makaranta 'yar Birtaniya, Gillian Gibbons, ta bar yaran ajinta a Khartum su zaɓa wa wata 'yar tsana mai siffar dabba suna, suka zaɓi Muhammad. Aka kama ta, kotu ta yanke mata ɗaurin kwana 15, sai da shugaban ƙasar na lokacin, Umar al-Bashir, ya yi mata afuwa. Musulmi da yawa a duniya sun ce hukuncin ya yi tsauri, tunda ba ta yi nufin ɓatanci ba. Ni dai a matsayina na malami, darasin da na ɗauka shi ne: yara ne suka zaɓa, da zuciya ɗaya, babba ne bai tsaya ya duba ba. Duba irin wannan aikinmu ne, mu iyaye da malamai.

Ba sunan yanka kaɗai ba

A ƙasa irin tamu mai ƙabilu da yawa, laƙabi ma sai an auna shi. Ɗauki Ado Gwanja, wanda matan zango ba sa biki sai da waƙarsa. A Kano "Gwanja" laƙabi ne da ke tuna fataucin goro zuwa Salaga a zamanin da. A nan Ghana kuwa Gwanja mutane ne masu rai, da sarautarsu da harshensu, wataƙila ma mai gidan da kake haya ɗan can ne. Ka raɗa wa mage Gwanja, ka ga ko za a yarda cewa waƙa kake nufi.

Haka "Kwaku". Yaro zai ce daga waƙar Black Sherif ya ɗauko, amma a wurin maƙwabtanmu Akan sunan duk namijin da aka haifa ranar Laraba ke nan, kamar Balarabe a wurinmu. Mu da muke tsiraru a tsakiyar jama'a, muna son a girmama sunayenmu, dole mu fara girmama na wasu. Da yawanmu ba sa jin daɗin yadda a wasu wurare a ƙasar nan ake kiran naman kyanwa "Joseph", don mun san sunan Annabi Yusuf ne. To, abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wani.

Sai kuma rikicin masoya. Kowa ya san adawar da ke tsakanin magoya bayan Shatta Wale da na Stonebwoy, wadda ta kai ga hatsaniya a kan dandamali a bikin ba da kyaututtukan waƙa na 2019. A gida ɗaya za ka sami wa yana wannan ɓangare, ƙane yana wancan. In wa ya raɗa wa muzuru sunan gwanin ƙanensa, kowa ya san ba ƙauna ba ce, habaici ne. Alƙur'ani a Suratul Hujurat ya hana mu jifan juna da munanan laƙubba, kuma bi ta bayan dabba ba ya sauya hukuncin abin da ke zuciya. Abin dariyar shi ne, in ka ce "Shatta" a gaban tsofaffinmu, ba Shatta Wale suke ji ba, marigayi Mamman Shata suke ji, wanda ya rasu a 1999, kuma wasunsu ba za su lamunci a sa wa mage sunansa ba.

Ita kyanwar ta san ana yi?

Ta sani. Wani bincike da Atsuko Saito da abokan aikinta suka yi a Japan, aka wallafa a 2019, ya nuna kyanwoyi na bambance sunansu daga wasu kalmomi. An riƙa kunna musu kalmomi masu tsawo da amo irin na sunan, su saurara har su gaji su daina kulawa, amma da an faɗi sunan sai kunne ko kai ya motsa. Ba ma'anar sunan ta sani ba, sautin ta haɗa da abinci ko shafa. Wannan na nufin gara a zaɓi mai kyau tun farko da a zo ana sauyawa bayan ta saba, bayan kuma maƙwabta sun riga sun ji.

Ga abin da nake gaya wa ɗalibaina in sun kawo mini irin wannan shawara. Da farko, sunan Allah, na annabawa, na sahabbai da na matan Manzon Allah (SAW) ba a kusantarsu, ko da mawaƙin da shi yake amsawa. Na biyu, ka zagaya gidanku da unguwarku a zuci: akwai mai wannan suna, ko mai uba ko ƙabila mai wannan suna? Na uku, ka gwada faɗin sunan da ƙarfi cikin fushi, kamar ta zubar maka da koko. In ka ji kunyar kakarka ta ji, to ba shi ba ne. Abin da ya tsallake waɗannan ukun, Blacko ne, Fancy ne, Jita ne, raɗa abinka.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi sunan nauyi. Waƙa tana tashe ta wuce, mawaƙin da yaro ke mutuwar so bana wataƙila baɗi ya koma wani, amma kyanwar da aka kula da ita tana iya wuce shekara goma a raye. Na ga yaran da suka yi ɗokin suna mako biyu, daga nan kyanwa ta koma bin kwata. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, yana cikin Bukhari da Muslim. Duk wanda ya raɗa suna ya ɗauki amana: ruwa mai tsabta, abinci a kan lokaci, da kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allurar rigakafin cutar haukan kare, wadda kyanwa ma tana ɗauka tana kuma iya sa wa mutum ta hanyar cizo ko yakushi. Iyayen da za su amince da sunan, su fara tambayar yaron wa zai riƙa zuba mata ruwa ranar da aka koma makaranta.