Don Allah a Daina Cire Kan Batir Injin Yana Aiki

Makon jiya na raka wani dattijo gareji da Peugeot 504 ɗinsa, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975. Ya sa mata esi da manyan fitilu, sai tsohuwar altaneta ta kasa. Ya sayo babba 'yar Beljiyam mai ampiya 90 aka ɗaura, amma kullum da safe sai an tura motar. Muna tsaye mai wayarin ya ce a tayar a taka totur sosai, ya ɗauko sifana ya kwance kan batir, ya ɗaga shi sama. Injin bai mutu ba. Ya ce, "Ka gani, Baba? Tana caji. Batirinka ne ya gaji." Na rasa inda zan sa kaina don takaici.

Wannan gwaji gadon zamanin dinamo ne, lokacin da babu komai a mota sai kwal da katawut mai maganaɗisu. Altaneta kuwa tana da dayod a ciki, sabbin kuma har da na'urar daidaita wuta ta lantarki, kuma dukkansu ba sa jure bugun wuta. Batir ne ke shanye duk wani tsalle da wutar ta yi. Ka zare shi injin na juyawa, wutar ta rasa wurin zuwa, sai ta yi sama nan take, tana iya haura volt 40 a tsarin da aka yi wa 12. Wani lokaci dayod ɗaya ne zai ƙone, altanetar ta ci gaba da ba da caji rabi-rabi, mai mota bai sani ba sai bayan kwana uku ya tsaya a hanyar Zariya da dare. Rediyo ma yakan tafi a nan.

Kuma ko ba a ƙona komai ba, gwajin bai tabbatar da komai ba. Kwal da filogi 'yan ampiya kaɗan suke ci. Altanetar da ta kusa mutuwa ma za ta riƙe injin, alhali ba za ta iya ɗaukar fitilu da fanka ba, balle ta cika batir. To me aka gwada? An yi caca da kayan mutum, an kuma sa shi sayen batirin da ba ya buƙata. Wannan haƙƙi ne, kuma "haka muka tarar ana yi" ba ta wanke kowa.

Mita ake sa wa. A kan batir, injin a kashe, lafiyayye zai nuna kusan 12.6. A tayar, a ɗan taka totur, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. A kunna fitilu da fanka a sake dubawa. In ya tsaya a 12 da ɗoriya babu caji, in ya wuce 15 ana dafa batirin ne, har za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai.

In babu caji, a fara da jar fitilar batir da ke dashbod. Mutane na raina ta, alhali a yawancin irin waɗannan altanetoci ta cikin wannan ɗan ƙwan ne wutar farko ke bi ta tashi maganaɗisun. In ya ƙone, ko an musanya shi da LED, altanetar ba za ta farka ba sai an taka totur sosai, wata ma ko an taka. Murɗa makulli kafin ka tayar: fitilar ta kama, injin na tashi ta mutu. Ta Baba ko kamawa ba ta yi ba, don an bar siririyar wayarta tana lilo a bayan injin.

Sai tsohon katawut na waje. In sabuwar altaneta tana da nata a ciki, a cire tsohon daga layi, a haɗa wayar fitila kai tsaye. Sai kaurin waya: wadda aka yi wa ampiya 35 ko 40 ba za ta ɗauki 90 ba, za ta yi zafi, robarta ta narke, kuma a nan gobara ke farawa. A ja sabuwa mai kauri daga altaneta zuwa batir, da fis kusa da batirin. A auna tsakanin waɗannan wurare biyu fitilu na kunne. In asarar ta kai rabin volt, wayar ko mahaɗinta ne. Wayar at daga injin zuwa bodi ma a kwance ta, a kankare tsatsar shekara arba'in. Fanbel mai santsi da fuli da bai daidaita ba su ma suna hana caji.

An haɗa wayar Baba, mita ta nuna 14.1, tsohon batirinsa kuma yana nan yana aiki. Mai karatu, duk ranar da ka ga an nufi kan batirinka da sifana injin yana aiki, ka miƙa hannu ka kashe makulli.