Mahangar Bincike da Hanyar Bincike a Nazarin Shari'a

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bambanta abubuwa biyu waɗanda ɗalibai kan gwamutsa in sun zo rubuta kundi, watau mahangar bincike da hanyar bincike.

Mahanga ita ce inda manazarci ya tsaya yake kallon doka, kuma ita ke haifar da irin tambayar da zai yi. Hanya kuwa ita ce dabarar da zai bi ya tattaro hujja don amsa wannan tambaya. Ke nan mahanga ita ce gaba, hanya na biye da ita.

Alal misali, mu ɗauki Dokar Finalkod ta Jihar Arewa, wadda aka zartar a 1959, ta fara aiki a 1960. Mai mahangar nassi zai tambaya, me dokar ta ce game da kisan kai, kuma yaya kotuna suka fassara ta? Hanyarsa ita ce karanta sassan dokar da hukunce-hukuncen alƙalai. Mai mahangar kwatance zai jera ta da dokar Sudan da aka kwaikwayo, wadda ita ma tushenta dokar Indiya ce ta 1860. Mai mahangar tarihi kuwa dalilin kafa ta zai nema. Wannan zai kai shi ga shari'ar Tsofo Gubba ta 1947, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke. Hanyarsa ita ce tonon tsofaffin takardu a Gidan Adana Tarihi na Kaduna. Shi kuwa mai mahangar zamantakewa, yadda dokar ta shafi talaka zai duba, don haka sai ya zauna a kotu yana lura, ya kuma yi hira da masu ƙara.

Abin lura a nan shi ne, hanya ɗaya na iya yi wa mahanga biyu aiki. Da mai nassi da mai tarihi duk suna karanta hukunci, amma abin da kowa ke nema daban ne.

Daga ƙarshe, ɗalibin da ya ɗora tambayar zamantakewa amma ya tsaya ga karatun kundin doka kaɗai, sakamakonsa ba zai amsa tambayarsa ba, ko da ya cika shafi ɗari. Saboda haka ya kyautu a tantance mahanga tukuna, sannan a zaɓi hanyar da ta dace da ita.