Bayani a Kan Siliniyam da Ƙarfin Hanjin Kaji

Ya ku malamai da 'yan kasuwa, wanda duk ya saba cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san yadda kaji ke yin araha in hunturu ya kama. Ba yalwa ce ta kawo arahar ba, tsoron annoba ne. Mutanen Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar su kan fid da nasu da sauri tun ba su zube ba.

To, masana sun tabbatar mafi yawan tsaron jikin kaza a hanjinta ya ke, gama ta nan ƙwayar cuta ta kan shiga tare da tsaba da ruwa. Daga abubuwan da ke ƙarfafa tsaron nan akwai wani sinadari, siliniyam. Berzelius mutumin Suwidin shi ya gano shi a 1817, ya raɗa masa sunan wata da harshen Yunananci. An daɗe ana ɗaukarsa guba kurum, domin a shekarun 1930, a jihar Dakota ta Kudu cikin Amurka, kajin da suka ci hatsin ƙasa mai yawansa ƙwansu ya ƙi ƙyanƙyasuwa, waɗansu 'yan tsakin kuwa suka fito da tawaya. Sai a 1957 aka gane rashinsa ma ciwo ne: ɗan tsako ya kan tara ruwa a ƙarƙashin fata, ya raunana. Shi da bitamin E ke kāre fatar cikin hanji daga lalacewa, musamman a zafin bazara, sa'an nan su taimaki jiki ya karɓi rigakafi sosai.

Amma fa a lura da awo, nan maganar ta ke. Abin da kaza ke bukata miligiram 0.15 ne cikin kilo guda na abinci, hukumar Amurka kuwa tun 1987 ta tsai da iyakar abin da za a ƙara a 0.3. Watau giram ɗaya tak ya wadaci buhu fiye da 100 masu kilo 25. Wane mudu ne zai auna wannan? Mu da muka saba da “ƙara kaɗan don ya fi ci”, a nan ƙarin shi ne ɓarnar.

Saboda haka kada kowa ya sayi garinsa tsantsa ya barbaɗa da hannu. Abincin kamfani an riga an sa masa. Mai haɗa nasa da dusa da dawa da ƙuliƙuli, shi ne zai nemi haɗin da ake kira firimis, ya duba takardar jikinsa, ya gauraya yadda aka rubuta, domin hatsi gwargwadon ƙasar da ya tsiro ya ke ɗaukar sinadarin.

Kada kuma ɗan kasuwa ya sayar wa mutane da shi da sunan maganin annoba. Cutar Nukasil mai share akurki da hunturu rigakafi ke tare ta, irin wanda ake yi a Vom, sai a nemi malamin dabbobi tun kaka, kafin iska ta juya.