Gyaran Matsattsen Faifai a Tsofaffin Kwamfutoci

Matse faifan ajiya dabara ce da ta yi tashe a farkon shekarun 1990, zamanin da faifai mai megabait 40 ko 80 kan cika tun ba a je ko'ina ba, sabo kuwa sai mai hannu da shuni. Kamfanin Stac Electronics na Amurka ya fito da manhajar Stacker a 1990, sannan Microsoft ya saka tasa, DoubleSpace, cikin MS-DOS 6.0 a 1993. Stac ya maka shi a kotu kan keta haƙƙin ƙirƙira, aka yanke a biya shi dala miliyan 120 a 1994. Hakan ya sa aka janye DoubleSpace, aka maye gurbinta da DriveSpace a MS-DOS 6.22.

Alkawarin waɗannan manhajoji shi ne faifai ya ɗauki kusan ninkin abin da yake ɗauka. Yadda suke yin hakan kuwa shi ne tushen duk wata matsala da kan biyo baya. Manhajar takan ƙirƙiro wani ƙaton fayil guda ɗaya, wanda a tsarin Microsoft ake kira DBLSPACE.000 ko DRVSPACE.000, ta danƙare dukkan fayilolin mutum a cikinsa, ta ɓoye shi. Abin da mai kwamfuta ke gani da sunan C: ba faifai ba ne, cikin wannan fayil ne. Faifan gaskiya, wanda ake kira mai masauki, an sauya masa harafi, galibi H:. Wato an zuba gero da dawa da wake duka a buhu ɗaya, ɓera ya huda wuri guda, ɓarnar tana iya shafar kowa. A faifan da ba a matse ba, yanki ɗaya da ya lalace yakan taɓa fayil ɗaya ne kawai. A matsattse kuwa, in lalacewar ta faɗa kan jadawalin da ke nuna mazaunin kowane fayil, ana iya rasa komai a lokaci guda.

Babban abin da ke jawo ɓarna shi ne ɗaukewar wuta ko kashe kwamfuta da gaggawa. Manhajar SmartDrive takan riƙe bayanai na ɗan lokaci kafin ta rubuta su a faifai, to in wuta ta ɗauke a wannan tsakanin, jadawali ya ce abu kaza, faifai ya ce wani abu dabam. Sai tsufan faifai, sai kuma ɗanyen aikin mai kwamfuta: ba a rasa masu ganin ƙaton ɓoyayyen fayil a H: su ɗauka shara ce su goge shi ba.

Ba kowane saƙon gargaɗi ne alamar lalacewa ba. Sararin da matsattsen faifai ke nunawa kintace ne, ba awo ba. Fayilolin ZIP da hotunan JPEG an riga an matse su, ba sa ƙara matsuwa, shi ya sa kwamfuta kan ce ta cika alhali tana nuna akwai sauran wuri. Maganin wannan rage kaya ne, ko gyara ƙiyasin a cikin manhajar.

In lalacewar ta gaske ce, matakin farko shi ne a daina rubuta komai a faifan, a kwashe duk abin da ke buɗuwa zuwa wani wuri. Kada a kuskura a kunna manhajar Defrag a wannan hali, don aikinta kai-kawo da bayanai ne, kuma za ta yi shi ne bisa jadawalin da ya riga ya rikice. Daga nan sai ScanDisk, wadda ta zo da MS-DOS 6.2 a ƙarshen 1993, kuma ta san tsarin matsattsen faifai. Daga waje ake fara gyara: a duba mai masauki tukuna, har da binciken doron faifai da ke zaƙulo yankunan da suka mutu, sannan a shiga cikin matsattsen. Gyaran ɗaki a kan ruɓaɓɓen harsashi ɓata lokaci ne. Idan C: ya ƙi bayyana sam, ana iya tayar da kwamfutar da ɗan faifan fulofi, a ba ScanDisk sunan ƙaton fayil ɗin kai tsaye. Kafin ta taɓa komai takan nemi a saka fulofin da za ta adana yadda abubuwa suke, don a iya warware gyaran in ya ƙara dagula lamari. Masu gaggawa kan tsallake wannan tayi, kuma kuskure ne.

Iri biyu na ɓarna aka fi cin karo da su. Akwai marayun gurabe, masu ɗauke da bayanai amma babu fayil ɗin da ya ce nasa ne. ScanDisk takan tattara su da sunaye irin su FILE0000.CHK, a buɗe a gani ko akwai guntun wasiƙa ko lissafi mai amfani. Akwai kuma fayiloli biyu da ke iƙirarin gurbi ɗaya, kamar mutum biyu da takardar fuloti ɗaya. A nan takan kwafa wa kowanne nasa, amma bayanan na ɗaya ne kawai, don haka ɗayan zai fito gurgu. ScanDisk tsari take daidaitawa, ba ta dawo da abin da aka riga aka rubuta wani a kansa.

Mai irin wannan faifai a yau zai tarar Windows XP da waɗanda suka biyo bayanta ba sa karanta shi, ƙaton fayil ɗin kawai za su nuna. Hanya mafi aminci ita ce a ɗauki kwafin faifan ɗungurungum, a buɗe kwafin a MS-DOS 6.22 ko Windows 98 da aka girka cikin kwaikwayon kwamfuta, a yi gyaran a kansa, sannan a kwashe fayilolin zuwa faifan da ba a matse ba.